Makaɗan Ƙasar Kabi, daga Matan Fada zuwa Fagada

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada na Argungu ranar babban su ya san kunne ke fara cika kafin ido. Tun ba a harba bindigar da ke sakin masunta ba, ganga ta tashi daga cikin jirage, kalangu na amsa mata daga tudu, masu kirari sun shaƙe da kiran gwanayen ruwa. Da an sake su, sai ka ga dubban maza sun ruga da goruna da homa, ruwan ya koma laka cikin ƙiftawar ido. Makaɗan da ke cikin jirage suna bin bayansu, suna kiɗa, wasu na kaɗa manyan goruna masu tsakuwa don su tada kifi. A watan Maris na 2020, da bikin ya dawo bayan kusan shekara goma ba a yi shi ba, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Nauyin ya shiga jarida, kyautar ta shiga rediyo. Makaɗin da ya wuni cikin rana yana zuga masunta ya rataya gangarsa, ya kama hanyar gida.

Haka abin yake tun fil azal a wannan ƙasa. Aikin makaɗi shi ne riƙe sunan wani, nasa sunan kuwa sai wanda Allah ya tsaga da rabonsa.

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya ɓalle daga hannun Askiya Muhammadu na Songhai, bayan saɓanin da suka yi kan rabon ganimar yaƙin Agadas, ya kafa daular Kabi da babban birninta a Surame. Ganuwar dutsen Surame tana nan har yau cikin daji. Kirarin Kanta ma yana nan, ana yi, yara na ji a makaranta, maroƙa na rera shi a gaban jikokinsa. Ganuwa dai an san bayi da talakawa ne suka ɗora ta, dutse bisa dutse. Kirarin kuwa wani mutum ne ya fara tsara shi, wani ya karɓa daga bakinsa, ya miƙa wa ɗansa, har shekara ɗari biyar. Duk cikin wannan dogon jeri babu sunan da ya iso gare mu tare da kirarin. Sunan Kanta kaɗai suka ɗauko.

A fadar Hausa ta dauri, kiɗa yana cikin kayan mulki. Tambari ba a buga shi don nishaɗi. Ana buga shi in an naɗa sarki, in an ga watan azumi ko na salla, in za a fita yaƙi, kuma ƙasar da aka ƙwace wa tamburanta a fagen fama ta san ta kunyata. Kakaki da algaita da farai suna gaban sarki in ya hau. Masu taushi da kotso su ne masu baki, su ke jera kakannin sarki ɗaya bayan ɗaya, su faɗi garin da wane ya ci da wanda ya gagare shi. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar wurin ajiyar kayan tarihi a 1958, zai ga ganguna ajiye kusa da masu da takubba da kwari da baka. Wanda ya jera su haka ya san abin da yake yi.

A 1805 rundunar jihadi, da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a gaba, ta ci Birnin Kebbi, wanda ya kai kimanin shekara ɗari yana babban birnin Kabawa. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, Gwandu ta zama cibiyar yammacin daular Usmaniyya. Daga nan sai ƙasar ta rabu gida biyu, har a wajen waƙa. Malam Abdullahi mutum ne mai tsanani kan kaɗe-kaɗe, ya fi yayansa Shehu Usmanu matsawa a wannan babi. Amma kuma shi kansa gwanin waƙa ne, da alƙalami. Gidan da ya bari ya zama gidan rubutacciyar waƙa, ta wa'azi da madahu da ta'aziyya, da Larabci da Fulatanci da Hausar ajami. Wannan jijiya ba ta yanke ba, ita ce ta kai ga irin su Wazirin Gwandu Umaru Nasarawa a ƙarni na 20. Kabawa kuwa, da Yakubu Nabame ya sake tada tutarsu a 1849, suka kafe a Argungu, suka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa. Mutanen da ke cikin irin wannan hali suna bukatar mai tuna musu su wane ne su kowace safiya. Makaɗi ya yi wannan aiki.

Bambancin ya bar tabo a tarihinmu. Mai rubuta waƙa yakan sa sunansa a baitin ƙarshe, ya sa ramzin shekara, almajirai su kwafa. Mai waƙar baka in ya rufe baki, sai abin da ya maƙale a kan 'yan amshi. Shi ya sa ɗalibi a yau zai iya jera maka waƙoƙin malaman Gwandu da shekarunsu, amma in ka ce ya jera makaɗan fadar Argungu na zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, sai ya sosa ƙeya. Sunayen da suka tsira kaɗan ne, irin su Buda Ɗantanoma da Mamman Inyaga, su ma don manazarta sun cim ma tsofaffin da suka san su.

Kada a ɗauka fadar Gwandu ta zauna shiru har abada. Bayan an mayar da mazaunin sarki Birnin Kebbi a 1906, fadar ta cika da kiɗa kamar kowace fada. A zamanin Sarkin Gwandu Yahaya da magajinsa Haruna Rashid, wanda ya hau a 1954 ya kuma shugabanci majalisar sarakunan Arewa a Kaduna, Birnin Kebbi ya zama zangon da makaɗan Sakkwato da Zamfara ba sa tsallakewa. Jikokin Malam Abdullahi mai tsananin nan suka riƙa ba makaɗa doki da riga.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su. Daga wannan ziyara ake lissafin bikin kamun kifi na yanzu, kuma ita ake ɗauka hatimin sulhu tsakanin gidajen biyu. Ni kuwa akwai wata shaidar sulhun da ta fi burge ni. Aliyu Ɗandawo mutumin Shuni ne, dab da Sakkwato, tsakiyar ƙasar da kakannin Kabawa suka yi ta kai wa hari. Sai ga shi ya zauna Argungu a matsayin makaɗin fadar Kabi, yana jera nasabar Kanta da bakin Basakkwace. A zamanin kakansa abin da ke bin wannan hanya mashi ne. A nan Argungu aka haifi ɗansa Sani. Daga baya Aliyu ya tattara iyalinsa ya gangara Yawuri, bakin Kwara, ya ci gaba da sana'arsa a fadar can har ƙarshen rayuwarsa.

Ya kamata a ɗan tsaya a ga yadda irin wannan waƙa ke ƙulluwa, don mutane da yawa suna jin daɗinta ba su san wahalarta ba. Maigida yakan aza gindin waƙa, gajeriyar magana wadda za a riƙa komawa gare ta. Daga nan sai ɗiyan waƙa su biyo, kowane da nasa saƙo. Wani ɗan yabo ne, wani nasaba, wani roƙo a fakaice, wani habaici. Wani kuma zambo ne tsirara ga ɗan sarkin da ya nemi gadon ya rasa, a siffanta tafiyarsa ko gemunsa ko rowarsa yadda duk fada za ta gane shi ba tare da an kama suna ba. 'Yan amshi ba maimaitawa kawai suke yi ba. Sukan karɓe magana daga bakin maigida tun bai ƙarasa ba, su ƙarasa masa, hannuwansu na kan kiɗa. Sanƙira na gefe yana cusa kirari, yana shelar kyautar da aka yi. Duk wannan babu takarda. Kuma sana'a ce mai hatsari, domin wanda ka yi wa zambo bana yana iya zama sarki baɗi, ya kuwa riƙe kowace kalma.

Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji ubansa a lokacin da ƙasa ke sauya fata. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Sarkin da ke ciyar da makaɗi da iyalinsa da 'yan amshinsa shekara da shekaru ya koma mai jiran albashi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Makaɗan fada suka fara duban gwamnoni da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, kyauta ta tashi daga doki ta koma mota da kujerar Makka. Sani ya bi wannan hanya kamar sauran tsararsa. Cikin waɗanda ya yi wa waƙa har da Shehu Kangiwa, ɗan ƙasar Argungu da ya zama gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato a 1979, ya rasu a 1981 sanadin faɗuwa daga doki a wasan folo a Kaduna. Abin da nake yaba wa Sani shi ne bai zubar da tsarin gidansu ba. Ko gwamna yake yi wa waƙa, da ma'aunin fada yake auna shi, ya nemo masa asali, ya sa masa natsuwar sarauta, da Hausar yamma tsantsa wadda bai taɓa lanƙwasa ta don kunnen Kano ko Kaduna ba. Rediyo da kaset suka ɗauki muryarsa suka kai ta inda ubansa bai taɓa takawa ba. Shi ya sa in aka ce Ɗandawo a yau, yawancin matasa ɗan suke nufi.

Fada ba ita kaɗai ke da makaɗa ba. A ƙasar Hausa kowace sana'a da mai zuga ta. Manomi yana da gangar noma ranar gayya, maƙeri da nasa kiɗan, mahauci da kalangu, masunci da nasa take. Fadamar Rima, mai shinkafa da albasa da kifi, ta ciyar da irin waɗannan makaɗa masu yawa, waɗanda duniyarsu ba ta wuce kasuwanni biyar ko shida ba. 'Yan dambe ne suka fi sa'ar ficewa. Da kaka ta yi, an kai amfani gida, sai a share fili da yamma, a naɗe hannu da zare, kalangu ya kama taken wani, ka ga ƙato ya miƙe tsikar jikinsa na tashi yana kirari. Kalgo, nan kusa da Birnin Kebbi, ta fitar da Illon Kalgo, wanda ake ambatonsa a sahun makaɗan dambe tare da Muhammadu Bawa Ɗan'anace. Kowa ya san waƙar da Ɗan'anace ya yi wa Shago. Da babu waƙar, da Shago ɗan dambe ne kawai da ya yi zamaninsa ya wuce, kamar ɗaruruwan da suka kashe abokan karawa a filayen Kamba da Bunza da Jega ba wanda ya rera su.

Mata kuwa an fi kowa zaluntarsu a wannan lissafi. Zabiyoyin fada, da masu kiɗan ƙwarya a gidan biki, da mawaƙan bori na ƙasar Arewa da ke bin goge har Dogondutsi, da matan da ke tsara waƙa a bakin turmi da dutsen niƙa, kusan dukkansu sun tafi da sunayensu.

Sai kuma Gambo. Alhaji Muhammadu Gambo mutumin Fagada ne, a ƙaramar hukumar Maiyama, kuma shi ne ya kai wannan ƙa'ida ta kowace sana'a da makaɗinta har inda ba wanda ya zaci za ta kai. Ya ɗauki kalangu ya yi wa ɓarayi waƙa. Ba a ɓoye ba, da sunansa, da muryarsa, har sunan ya bi shi: Gambo mai waƙar ɓarayi. Ya ari dukkan kayan aikin makaɗan maza, da kirari da zuga da take da jera gwanaye, ya ɗora su kan mutanen da al'umma ke jifa. Malamai sun yi tir da shi, iyaye sun hana 'ya'yansu saurare, kasetinsa kuma bai daina fita ba. Na sha shiga motar haya daga Jega zuwa Birnin Kebbi direba ya saka shi, ka ga dattijo mai carbi yana girgiza kai yana a'uziyya, gefen bakinsa kuwa na motsi da dariyar da yake dannewa.

Ba zan wanke shi ba. Wanda aka taɓa yanke wa aljihu ranar kasuwa, da kuɗin takin da ya tara wata uku, yana da hakkin ya ƙi jin muryar Gambo har abada, kuma zuga ɓarawo zuga ɓarawo ce ko da wace irin fasaha aka yi ta. Amma wanda ya ce babu gwaninta a wurin bai saurara ba. Gambo mai ba da labari ne na ƙarshe. Cikin waƙa ɗaya zai kai ka tasha, ya nuna maka fasinjan da ke taɓa aljihunsa kowane minti har ya tona wa kansa asiri, ya ratsa da kai cikin cunkoson kasuwa, ya fito da kai gaban alƙali, ya leƙa da kai gidan kaso, da muryoyin mutane daban-daban a bakinsa shi kaɗai. Mai son sanin yadda tasha da kasuwar ƙauye suke a yammacin ƙasar Hausa a zamanin kaset zai samu a wurinsa abin da babu a rahoton kowace hukuma. Kuma ƙarƙashin barkwancin akwai tambayar da ta fi damun masu manyan riguna, wato me ya raba mai yankan aljihu da mai yanka da alƙalami, in ban da girman abin da aka ɗauka. A ƙarshen rayuwarsa ya bayyana cewa ya bar waƙar ɓarayi. Ya rasu a watan Agusta na 2016. A ƙarshen wannan shekarar ce UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun gadon 'yan Adam, da kiɗansa da kokawarsa da wasannin Kabanci.

Wata rana da la'asar a Argungu aka kai ni wani zaure wurin wani tsoho da ya yi shekaru yana amshi. Idonsa ya yi rauni, yana zaune kan buzu, kusa da shi akwai wani abin kiɗa da fatarsa ta tsage, jikoki sun mayar da shi wurin ajiye goro. Na gaishe shi na ce, "Baba, waƙoƙin nan da kuka yi, a ina kuke ajiye su?"

Ya ɗora yatsa a goshi. "Ɗana, nan munka aje su. Maigida shi aza gindi, mu mu riƙe mai. In ka ga ya yi shiru shina murmushi ga jama'a, to ya mance ɗan da ka biye, mu ka tuna mai da hannu."

Na tambaye shi ko an taɓa ɗaukar bayaninsa. Ya yi dariya har da tari. "Wa ka tambayar ɗan amshi? Ko kyauta anka yi, sai ta biya ta hannu ukku kamin ta iso gare mu."

Daga nan, ba tare da na roƙa ba, ya fara buga cinyarsa da tafin hannu, ya jero sarakunan Kabi daga Nabame zuwa Muhammadu Mera, kowane da abin da aka san shi da shi, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yaran da ke wasa a ƙofar zauren ko waiwayowa ba su yi ba.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi garuruwa ya tattara tarihin makaɗa a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, kuma yawancin abin da ake maimaitawa a yau game da makaɗan fada daga irin wannan aiki ya fito. Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza, ɗan wannan jiha, ya fitar da littafi sukutum kan Narambaɗa a 2009. Gidajen rediyo, tun daga na Kaduna da aka buɗe a 1962, sun ɗauki muryoyi masu yawa a faifai da zare. Sai dai abin da ya isa hannun jama'a ya isa ne a wargaje. Je ka rumfar masu tura waƙa a waya a kasuwar Birnin Kebbi ka ce a sa maka tsofaffin waƙoƙi. Yaron zai cika maka katin waya da ɗari biyu ko uku cikin minti goma. Ka koma gida ka buɗe, sai ka tarar an rubuta wa wata "tsohuwar waƙa 14", wata an liƙa mata sunan Ɗanƙwairo alhali ba muryarsa ba ce, ta uban Ɗandawo an ba ɗan, wata an yanke kanta inda sanƙira ke faɗin wurin da aka yi ta da wanda aka yi wa. Duk muryar da ta tsufa ta zama ta mutum biyu ko uku da aka fi sani, sauran an haɗiye su.

Jihar Kebbi, tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, ta samu abin da kakanninmu ba su da shi. Akwai Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, akwai gidan tarihi na Kanta, akwai ɗalibai da ke neman abin rubutawa kowace shekara. Waƙoƙin Shata da Narambaɗa an yi musu nazari har an gaji. 'Yan amshin Ɗandawo da na Gambo da na Illon Kalgo, da 'ya'yan makaɗan masunta na Matan Fada, wasunsu na nan da rai a Yawuri da Maiyama da Kalgo da Argungu, kuma ba sa ƙara ƙuruciya.

Kai ma mai karatu, in akwai irin wannan tsoho a unguwarku, wayar da ke aljihunka ta isa. Ka kai masa goro, ka zauna, ka tambaye shi sunan maigidansa na yanka, da garin da aka haife shi, da wanda ya koya masa kiɗa, da sarkin da ya fara yi wa waƙa. In ya gama, ka tambaye shi nasa sunan, ka rubuta.